Gyaɗar Danda a Bakin Cilakowa

Danda manomin gyaɗa ne a Cake, kuma ko maƙiyinsa ya san ya iya noma. Aibinsa guda: bai iya ganin Ƙadri maƙwabcinsa ya fi shi da ko allura. Tare aka yi musu kaciya, darni ɗaya ya raba gidajensu, amma in Ƙadri ya ɗinka hula, ranar Danda ba ya jin daɗin tuwo.

A tsakar gidan Danda akwai tsohon gawo mai kogo, inda cilakowa, mata da miji, ke sheƙa kowace damina. Macen takan shige ciki ta liƙe bakin kogon da laka, namijin ya yi ta kai mata abinci yana ƙara kamar ana yanka shi. Wani rani Danda ya gaji, ya kwaɓa yumɓu ya toshe kogon. Tsuntsayen kuwa ba su yi nisa ba, suka tsallaka darni suka tare a tsamiyar Ƙadri. Danda ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ya kai wa maƙwabci ciwon kai.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai aka kawo sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira da Faransanci Mushe Namadi, mai akwatin ɗaukar hoto da son tsuntsaye. Da ya ji kukan cilakowa sai ya bi sawunsa har gidan Ƙadri. Kowace Lahadi yana nan gindin tsamiya, an shimfiɗa masa tabarma, ana dama masa fura, mutane na leƙe. Danda ma na leƙe ta hujin darni, kishi na cin sa kamar gara.

Ran nan ya tare malamin a hanya ya ce, "Mushe, wanga tsuntsu hwa nawa ne. Gidana aka haihe shi."

Namadi ya ce, "To, mi ya kore shi?"

Danda ya sosa ƙeya.

Washegari ya hau gawo da gatari ya fasa yumɓun da ya liƙa da hannunsa. Ya buɗe rumbu ya ɗebo gyaɗar iri, wadda ko matarsa Safi ba ta isa ta taɓa ba, ya ɓare ya watsa gindin itacen. Safi ta ce, "Malam, iri ne hwa!" Ya ce ta yi harkar gabanta. Ya sa babbar rigarsa ta sallah ya zauna jira, don ranar da tsuntsu ya dawo a ɗauke su hoto tare.

Namijin ya zo kuwa. Ya sauko yana tsalle, ya karkata kai ya dubi Danda, ya ɗauki ƙwaya guda a dogon bakinsa, ya tashi fir ya tsallaka darni ya kai wa matarsa a tsamiya. Ya dawo ya sake. Sati uku ana haka, Danda na ciyarwa, Ƙadri na karɓar baƙi.

Da aka wanko hoton daga Maraɗi, garin duka ya taru kallo. Ga Ƙadri a tsaye ya washe baki, ga cilakowa bisa reshe daidai kansa, da ƙwayar gyaɗa fes a baki. Namadi ya ce ƙwayar nan ce ta ƙawata hoton. Aka rataye shi a zauren Ƙadri.

Danda ya yi shekara arba'in bayan haka, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba sai na katin shaida. Amma duk baƙon da ya sauka gidansa, sai ya ja shi zauren Ƙadri, ya ɗora yatsa kan hoton, can ƙasan bakin tsuntsun, ya ce, "Ka ga wagga gyaɗa? Tawa ce."