Ranar da Aka Matso da Ruwa

Ni ke sanar da manoman layinmu ranar da za a sako ruwan rani, ta wata manhaja a waya. Ranar da aka matso da ruwan zuwa washegari, a ranar wata tashar rediyo ta ce gwamnati ta hana manhajar.

Na murɗa wata tashar, ita kuma ta ce har yanzu shawara ake yi. Na zauna a kan kwalbati ina auna su. Ta farko ba ta faɗi wanda ya gaya mata ba. Ta biyu ta sako muryar wani jami'i, amma wa ya sani ko tsohuwar magana ce?

Yayana ya same ni a haka. "Sarkin tsoro, ka tura, ko sai tumatirina ya ƙone?"

"Yaya, in laifi ne fa?"

"In sun zo kama ka, ka ce ni na sa ka!"

Manoman mutum arba'in ne, rabinsu ba ni da lambarsu, sai ta manhajar nake samunsu. Na bi tasha ta biyu da ta kawo shaida, na yi bismillah, na tura. Har ruwa ya kai gonar ƙarshe ina waiwayen duk motar da ta tsaya a titi.