Ragunan da Ba Su Taɓa Zuwa Miga Ba

Matso kusa, ja tabarmar nan, in ba ka labarin autanmu da ragunan surukinsa.

Ni karatuna bai wuce allo da 'yar firamare ba, amma a gidanmu na Limawa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, kunnena kuwa ba ya hutu. Sana'arsa gina wa mutane shafi a intanet. Yadda ya yi mini bayani, shago ne marar ƙofa: mutum na zaune a Kano sai ya ga hajarka a wayarsa. Ya yi wa wata makaranta, ya yi wa mai kemis, ya yi wa wata mai ɗinki. Ba shi da oga, daga shi sai kwamfutarsa da sunansa, wanda yake rubutawa can ƙasan kowane shafi. A Dutse sunan nan shi ne jari, don wanda ka yi wa jiya shi ke turo maka na gobe.

Sai baban matarsa, wani Alhaji mai kiwo a Miga, ya aiko yana so a sa masa ragunansa a waya kafin Babbar Sallah. Na ce, "Auta, mutumin da ba ka iya ɗaga kai ka kalla, yaya za ka yi masa aiki? In abu bai yi ba, da wane baki za ka faɗa?"

Ya yi dariya. "Yaya, ke dai soya ƙosanki."

Ya je, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ɗauko hotuna. Shekarar nan harawa ta yi wuya, ragunan duk haƙarƙari a waje. Ina tankaɗe na ji shi ta bango yana ce wa matarsa, "In na nuna wa Baba wannan, kamar na zage shi ne."

Ta ce, "To ka gyara su mana. Ba aikinka ba ne?"

Sai ya shiga intanet ya kwaso hotunan ragunan wata ƙasar Turai, manya, farare tas, tsaye cikin ciyawa shar. Wai na wucin gadi ne, kafin na Alhaji su murmure. Aka kai wa Alhaji ya gani. Akwai makiyayin da bai san dabbarsa ba? Amma cewa ya yi, "Madalla, yaron nan ya iya aiki."

Wasu ma'aikata daga nan Dutse suka ga shafin, suka ɗauki shatar mota har Miga. Matar Auta tana can gida ganin iyaye, ita ta ba ni labari tana kuka. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya kara wayarsa jikin wani rago ya ce, "Alhaji, shi ne wannan, ko jinya ya yi?" Aka fashe da dariya, mutane suka taru.

Alhaji ya sa aka kira Auta, wai ya zo maza. Ya hau mashin da murnarsa, ya ɗauka ciniki ne ya kankama. Yana sauka Alhaji ya nuna shi da sanda.

"Ga maƙaryacin nan. Ni tsoho, me na sani a waya? Na ba shi 'yata, ya saka mini da wannan. Kai, zo ka nuna musu inda ciyawar nan take a Miga."

Auta ya tsuguna, kansa a ƙasa. Kalma ɗaya ce za ta wanke shi: ai ka gani, ka ce madalla. Amma suruki ne. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Kafin ya dawo gida hoton shafin ya riga shi, ya bazu a wayoyin mutane, ga ragon Turai, ga na Miga a gefe, ga sunansa a ƙasa. Makarantar ta karɓe aikinta. Mai kemis ya daina ɗaga waya. Ko a layin ƙosaina sai in ji ana cewa, "Ba mu na ɗari, amma na gaske, ba na hoto ba."

Alhaji kuwa ya sayar da ragunansa kaf, don kowa na tausayin dattijon da suruki ya cuta. Saura ɗaya, wanda ya fi kowanne rama. Jajibirin Sallah aka sauke mana shi a ƙofar gida da saƙo: wai a ba Auta ya ɗauke shi hoto, ko zai yi ƙiba.

Auta da kansa ya kama igiyar, ya ce a yi wa Baba godiya. Muka yanka, muka ci.

Yanzu cajin waya yake yi a bakin tasha. Kwamfutar na ƙarƙashin gadona, na naɗe ta da tsohon zani don kada ƙura ta shiga. Duk Sallah yana zuwa Miga gaisuwa, ya durƙusa a wurin da ya tsuguna ranar nan.

Kai da ke saurare, da kai ne a gaban taron nan, sandar tana nuna ka, za ka ɗaga kai ka faɗa?