Kujerar Tsakiya

Ƙarar faɗuwar 'yar kujerar tsugunno ce ta fito da ni daga ɗakin Gwaggo, da hantsin wata Lahadi, a bazarar shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Na san kukan kujerar nan kamar yadda na san tarin Baba. Ta icen ƙirya ce, ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, a kanta Inna take zama ta tuƙa tuwo, ita kuma take ɗauka ta taka duk ranar da za ta hau bayan mota. Da na leƙo ƙofar gida sai na iske kujerar a kife, Inna tsaye riƙe da ƙarfen motar da hannu biyu tana mai da numfashi, goshinta ya jiƙe sharkaf. Cikinta ya tsufa a lokacin. Tun da sassafe wani mai sayen albasa ya kawo saƙo daga Badagishiri cewa jikin Kaka, mahaifiyarta, ya yi tsanani, in da hali ta zo yau. Ga mota a ƙofar gida, ga direba mijinta, amma ƙafarta ta kasa kaiwa.

Da tsohuwar motarmu ce, da tuni ta hau. Ita ce wadda mutane ke ce wa kat-san-kat, mu kuwa a Tsarnawa bashe muke kiranta, saboda rumfar tamfol da ke bayanta. Na buɗi ido na gan ta a ƙofar gidanmu, launinta ya riga ya koɗe, ba ka ce shuɗiya ce ko ruwan toka ba. Fitilunta biyu kewayayyu ne kamar idon mai mamaki, a goshinta kuma akwai hoton zaki tsaye da ƙafafun baya, wanda mu yara muka daɗe muna rantsuwa kyanwa ce. Sandar giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba ɗaya ce doguwa kamar benci. Hannuwa da yawa ta bi kafin ta zo na Baba, shi ya sa ba ta tashi sai an tura ta. Kullum da yamma a kan ɗan tudun masussuka yake aje ta, da safe kuma yaran unguwa, kowa da allonsa na lakwal a hammata, sai sun ba ta turi kafin su wuce. Idan ta yi tari ta kama, har da guɗa muke yi. Da butar alwala yake ba ta ruwa, in tankin mai ya fara ɗiga sai ya aiko a gutsuro masa sabulun Inna ya liƙe. Gwaggo takan ce, "Motar ga ta fi ni cin sabulu, kuma ban taɓa ganin ta yi haske ba." Bayanta ya durƙusa don ɗaukar buhunan albasa, shi ya sa kujerar tsugunno kaɗai ta ishi mace ta hau. Ranar da ba ta fita, ita ce ɗakin wasanmu. A inuwar tamfol ɗinta muke carafke da ƙwallon goruba, muna dafa tuwon ƙasa a gwangwanayen tumatir, wani ya zama direba, wani ya yi ta kiran Konni da Galmi har muryarsa ta dushe.

A duk tafiye-tafiyen da muka yi cikinta, ban taɓa ganin Inna a gaba ba, kuma ban taɓa zama kusa da ita a baya ba. Na farkon, kowa ya san dalili: mace mai kunya ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da mijinta ta ratsa gari ana kallo. Gaba wurin tsofaffi ne da malamai. Na biyun kuwa ni kaɗai ya dama. Ni ce ɗiyar fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san yana wurin idan da mutane. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Ita ke yi mini kitso, ita ke duba mini ƙaya a ƙafa, a tabarmarta nake kwana. Inna kuwa "ke" take ce mini, in kuma da wani take magana ta ce "waccan". Ban rasa komai ba. Ƙanzon tuwo mafi daɗi a kwanona nake samunsa, ban kuma taɓa ganin hannun da ya sa shi ba. Amma idan ina daka ganyen albasa don yin gabu, na hango ƙanwata Saude kwance a cinyar Inna ana tsefe mata kai, sai taɓarya ta yi mini nauyi. A lakwal, lokacin hutun tsakar rana, in 'yan ajinmu suna nuna kitso suna cewa uwarsu ce ta yi, sai in koma gindin bedi, wato dogon yaro, in yi kamar ina bitar karatu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban ma san yadda ake faɗarsa ba.

A kakar da ta gabaci wannan bazara Baba ya rabu da kat-san-kat, ya shigo da ƙanwarta daga Najeriya, wato senk-san-kat. Fara ce tas, da zakinta ita ma, sai dai fitilunta masu kusurwa ne kamar mai harara. Da makulli take tashi, murɗawa ɗaya. Yaran unguwa sun yi kwanaki suna zuwa da safe su tsaya, su ga babu turi, su wuce lakwal jiki a sanyaye. An sauko da sandar giyarta ƙasa, tsakiyar gaba, ta tsaya kamar muciya a tukunya. Ta fi yayarta ƙarfi da gudu, ta fi ta ɗaukar kaya, amma ƙarafan bayanta sababbi ne, in babu kaya a kai sai ta ɗaga gindi sama. Wannan tsawon ne ya gagari Inna a safiyar nan.

Baba ya buɗe mata ƙofar gaba ya tsaya. Inna ta sunkuyar da kai, ta ɗauki kujerar ta sake girkawa, ta sake ɗora ƙafa. Lokacin cire albasa ne, bakin kwalta cike da maza, dillalai da masu ɗinkin buhu da abokan kakana na wajen uba, kuma babu wata hanyar zuwa Badagishiri sai ta tsakiyarsu. Kujerar ta sake gocewa. Sai Gwaggo ta fito da hannu duk dusa.

"Ke dai kashe kanki za ki yi, ki kashe na cikin. Shiga gaba."

"Yaya, a bari in nemi amalanke," in ji Inna, murya can ƙasa.

"Amalanke har Badagishiri? Sai ki isa a ba ki ruwan zaman makoki."

Gwaggo ta waiga ta dube mu yaran gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Saude amai take yi a mota, ƙaramin ƙanenmu kuma ba ya zama wuri guda, sai ya kama muciyar nan ya kai su rami. Ta kamo hannuna ta tura ni ciki. "Ga katanga na ba ku. Shi can, ke nan. Wanda ya ga kin zauna kusa da mijinki ya zo ya same ni." Sai da na girma na gane Saude ba ta taɓa amai a mota ba.

Inna ta dubi buɗaɗɗiyar ƙofar. Kunya biyu aka aje mata, ta miji da ta ɗiyar fari, uwarta kuma tana can kwance. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi bismillah, ta shigo.

Gaban motar nan ba shi da faɗin da ake zato. Sandar giya ta hana ni miƙe ƙafa, dole na karkatar da gwiwoyina wajen Inna, ita kuma ga ciki. Ta manne da ƙofa iyakar mannewa, duk da haka kafaɗata tana cikin haƙarƙarinta. Na ji ƙanshin man shanu da hayaƙin kara a jikin zanenta, na ji ɗumin cinyarta, har motsin ɗan da ke ciki na ji a gwiwar hannuna. Na ƙame kamar an dasa ni, ina tsoron in na yi numfashi da ƙarfi za ta tuna ina wurin. Muka ratsa masu albasa, Baba yana ɗaga hannu, ita idonta a ƙasa. Muka bar gari, gonaki fetal sai kututturan gero, zafi yana rawa a kan kwalta. Leɓunan Inna suna ta motsi da salati. Can wajen wani ƙauye jaki ya faɗo hanya da gudu, Baba ya taka birki, na tafi gaba kamar zan fasa gilashi da goshi. Kafin in ankara hannun Inna ya tare ƙirjina ya mai da ni baya da ƙarfi. Jaki ya wuce, mota ta ci gaba, hannun bai tashi ba. Ya daɗe a wurin kafin ta janye shi a hankali, ta gyara mayafi kamar dama abin da ta ɗaga hannu yi ke nan.

Mun iske Kaka da ranta, kwance a ɗaki, mata zagaye da ita. Na ɗauka Inna za ta faɗa kanta da kuka. Sai na ga ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi gaisuwa kamar baƙuwa, ta zauna nan. Kaka ba ta dube ta ba. Ni ta yafuto, ta riƙe hannuna da yatsunta marasa nauyi, ta tsokane ni cewa na yi tsawon banza babu nama, sannan ta ce, "Ki gaya wa waccan ta sha ruwa, ta sha hanya da nauyi." A nan na tuna Inna ma ɗiyar fari ce. Na kai mata ruwan a ƙoƙo. Ta sha, hawaye suna gangarowa cikinsa, daga inda take zuwa gadon uwarta bai fi tsawon tabarma ba. Haka suka wuni. Duk abin da ɗaya ke son gaya wa ɗaya, ta bakina ya bi.

Bayan la'asar muka juyo, don Baba ya ce Inna ba za ta kwana nesa da ungozomarta ba. Rana ta yi sanyi, iska na shigowa ta taga. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na lumshe ido na sake wuyana, kaina ya sauka a kafaɗarta kamar barci ne ya kwashe ni. Na jira a ture ni. Sai na ji ta jawo gefen mayafinta ta lulluɓe ni, a ƙarƙashinsa kuma, inda ko Baba ba ya gani, tafin hannunta ya kwanta a kan kitsona, babban yatsanta yana bin layin da Gwaggo ta tsaga. Ban yi barci ko kaɗan ba, na kuma tabbata ta sani. Ina ta roƙon Allah a zuci ya ƙara wa hanya tsawo. Da rumfunan albasar Tsarnawa suka bayyana, ta janye mayafin ta ce, "Ke, tashi. Ga mutane."

Kaka ta rasu a cikin makon, Allah ya jiƙanta. Inna ta haihu lafiya, ta koma hawa baya da kujerarta, ni kuma na koma "waccan". Na yi kwalej a Konni, na yi aure, na haifi nawa ɗan farin, kuma duk da karatuna bakina bai taɓa iya kiran sunansa ba. Har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira nawa ba, ba mu kuma sake zama haka ba. Amma tun daga ranar ban sake komawa gindin bedi ba.

Kwanan baya ɗan nawa ya zo kai ni ta'aziyya Badagishiri a motar wurin aikinsa. Ya nuna mini zakin da ke goshinta ya ce jikar motocin kakansa ce. Ni dai ban ga kama ba. Ƙofofinta huɗu, gidan zaman ya zama ɗaki biyu, wurin kaya ya tsuke, babu tamfol, babu inda kujerar tsugunno za ta yi amfani don an yi mata matakala. Gilashi a rufe, kilim yana busa sanyi, ko ƙanshin albasa ba ka ji in kun ratsa Tsarnawa. Da Inna ta ga irinta, da ta zauna a baya cikin inuwa, ba kusa da miji ba, ba kusa da kowa ba, kunyarta cikakkiya. Na yi wa masu ƙira addu'a, sun hutar da mata. Sai dai a gaba kujeru biyu ne, kowace da kanta, tsakaninsu an gina akwati. Inda aka taɓa zaunar da ni babu shi. Da wannan motar Baba yake da ita a ranar, da ban san nauyin hannun uwata ba.

Ina wannan tunani a kujerar baya, manne da ƙofa ban ma sani ba. A ɗaya ƙarshen kuma jikata ce, ɗiyarsa ƙarama wadda aka sa wa sunan Inna, shi ya sa duk gidan Inna muke ce mata. An ɗaure ta da bel, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ta daɗe tana kallon filin da ke tsakaninmu, sannan ta buga shi da tafin hannu.

"Kaka, mi kike yi can nesa? Matso nan in jingina."