Baturiyar da Ta Zo Neman Yawuna

Idan tsufa ya kwashe mini komai, na san zai bar mini ranar da wata Baturiya ta taso tun daga Amurka ta roƙe ni in tofa mata yawu a cikin kwalba.

Lokacin ina zaune a Aubervilliers, gefen Paris, wajen ɗana, jikata kuma tana karatu a Lyon. Wani yaro ɗan Damagaram ya fito neman aurenta, suna son juna, saura binciken asali. Gwaggonsa da ke Bobigny aka ɗora wa aikin, mace mai daɗin gaisuwa da kaifin ido. Ta tare ni a kasuwar Barbès muna zaɓen kuɓewa, ta tambaye ni kakannina na wajen uwa mutanen ina ne. Na ce mata kuɓewar bana duk ta tsufa.

Ina da dalili. Kakar mahaifiyata kamo ta aka yi tana yarinya, aka sayar da ita, ta mutu da tsage a fuska wanda babu mai sanin na wace ƙasa ne. A wajenmu irin wannan magana tana kashe aure har gobe. Ko jikata ba ta sani ba.

Ana cikin haka sai ga wayarta, tana dariya. Wai tun bara ta aika da yawunta gwajin asali, yanzu an ce tana da 'yar'uwa ta nesa a Amurka, matar ma tana tafe. Na ce yawun naki kika ba mutanen da ba ki taɓa gani ba? Ta ce, "Tsohuwa, Turawa ba sa sammu." Na ce haka suka gaya miki. A raina kuwa na riga na haɗa lissafi: babu mai tonon asalin wani a banza, kuma me ya sa sai yanzu? Na sa ɗana ya saka ni a jirgin ƙasa.

A ɗakin jikata muka haɗu. Dattijuwa ce fara sol, da takalmin maza. Hannuwanta na yi ta kallo. Kofin shayin da na sha ma ban ajiye ba, cikin jakata na jefa shi. Jikata tana fassarawa, matar ta ce kakanninta suna cikin Turawan farko da suka ratsa dajin ƙasarsu da amalanken shanu, suka sare itatuwa suka kafa gari. Ta yi shekaru tana bin sawunsu, ta gano kowa har kabarinsa. Amma a ayarin akwai wata baiwa baƙa mai yi musu girki, ta haifa wa maigidan ɗa, kuma daga wannan ɗan ita ta fito. Gwaji ya nuna jinin baiwar da namu sun haɗu can baya. Sai ta fito da 'yar kwalba, wai yawun tsohuwa ya fi kusa da tushe.

Na ce a tambaye ta wa ya aiko ta, kuma wa ta sani a Bobigny. Ko sunan garin ba ta iya faɗa ba, amma ban sake ba, domin wanda aka aiko ma haka zai yi. Na ce to danginta me suka ce da ta tono musu baiwa? Ta ce yayanta ya daina yi mata magana. Na ce me za ta samu ke nan?

"Kowa yana da kabari da suna sai ita," in ji ta. "Kuma ita ta ciyar da su har suka isa."

Na dube ta da kyau. Mai ƙarya yakan dubi fuskarka ya ga ko ta shiga, ita kuwa ƙasa take kallo. Na tura mata kwalbarta na ce yawuna yana nan inda Allah ya ajiye shi. Amma na lissafa mata iyayena mata da baki, daga ni har zuwa mai tsagen nan, na ce nawa lissafin ma nan ya tsaya. Jikata ta kasa ƙarasa fassarar.

Da na koma Paris na ci ado na tafi Bobigny ranar da na san gidan cike yake da mata. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, kin tambaye ni a kasuwa ban amsa ba. Kakar uwata baiwa ce. Ku shawarta." Ba ta ko girgiza ba, nan na gane ta riga ta ji daga gida, tana ajiye da maganar ne don ranar da za ta fi ciwo. Uban yaron da labari ya kai masa ya ce shi mai salla yake nema wa ɗansa. An ɗaura aure. Gwaggon ba ta zo biki ba, abincinta wani ya ci.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ɓoye na asalinka ka ba wani sandar dukanka. Gara ka faɗa da bakinka, a tsaye. Baturiyar tana gaishe ni kowace Sallah, ina amsawa. Kwalbar dai har yau ban tofa ba.