Gyaran da mai balangu ya hana ni

Jiya da yamma na tsaya wurin Malam Sani mai balangu a unguwar PZ. Shekara da shekaru, kitse yake ƙara mini gyara.

Sai na ga ya tsince kitsen tas, ya cika takardar da kabeji da albasa.

Na ce, "Malam Sani, ina gyarana?"

Ya ce, "Ba kai ka faɗa mini likita ya ce kitse ya yi yawa a jininka ba? Tsoka zalla za ka ci, kuma a ƙasa za ka koma Dogarawa. Na fi son ka daɗe kana zuwa."

Haka na tako har gida.

Ni na zo karya dokar likita, mai nama ya tsare ta. Ku wa ke kula da ku haka?