Rigata a Hannun Baba Nomau

Duk wanda yas san Baba Nomau mai zanen riga a Buza ya san ba ya duban huskar mutum in ana gaisawa. Wuya shika kallo. Kana "ina kwana, Baba," shina leƙen kahwaɗarka, da guntun kiriyon, wato fensir, bayan kunne, wanda tsawonshi bai kai gyaɗa ba. In ka kawo mashi sabo, sai shi ce, "Aje. Wanga bai ce ya gaji ba."

Ni hwa na gaji. Wallahi ban taɓa gajiya da mutum kamar tsohon ga ba, kuma ƙanen kakana na.

Saura wata ukku aurena nik kai mashi shadda, shi zana, a ɗinka. Yac ce, "To, sai mu hwara da kallo."

"Kallon mi, Baba?"

"Kallonka. Riga ba buhu ba ta."

Kasuwa biyu yab bi ni a baya, wai shina duba yadda nika tahiya. Ina cinikin albasa, in waiga, ga shi. Daga ƙarshe yac ce, "Issa, kai ba ka tahiya, gudu kakai. Ka gudo daga karatun lakkwal, ka bar kabu-kabu, ka bar albasar Madawa sau biyu. Ta ina zan kama ka?"

Bayan kallo sai zanen ƙasa. Ba ya taɓa takarda sai ya zana a rairayin ƙohwar gida. Kwana tara shina jan layi da tsinke. Ranar da yac ce ya kusa, akuyar maƙwabta tar ratsa ta tsakiya. Nid ɗauki dutsi. Yar riƙe mani hannu.

"Tsaya! Dubi inda tat taka. Nan ɗin dama ya cika cunkoso."

Yas share duka, yas sake, bisa shawarar akuya!

Sannan takardar buhun siminti, sannan gwaji da allura bisa tsumma, sannan babbar kotu, wato matatai Inna Hajo. Shekara arba'in amsarta guda ta: "Bai yi ba." Shi koma shi gyara. Rannan dai ta ga aure ya matso, tat tausaya mani, tad dubi tsumman tac ce, "Ya yi."

Baba yad dube ta. "Hajo ta yaba? A'a, akwai ɓarna wani wuri." Yak kece shi gabana.

Da rigar wana anka ɗaura mani aure, hannunta iya gwiwar hannuna. Abokai har yau "ango mai aro" suka ce mani. Nit tahi Abija, can bakin teku, biɗar kuɗi, nid dawo, ba riga. Anka yi sunan ɗiyata, ba riga. In na tambaya, "Muna hanya." Har nib bar tambaya. Na kama gonar babanmu, damina biyu ban je ko'ina ba, don ƙahwahuna ma sun gaji.

Bana Baba Nomau yar rasu, ana tsakar noma.

Bayan addu'ar bakwai Inna Hajo tak kira ni, tam miƙo ƙunshi. Shaddata ta. Zane ya cika ƙirjinta, an gama tsab, allura kawai tar rage. Layukka sun hita ta kahwaɗa, sun yi yawo, sun kewayo, duk sun taru bakin aljihu.

Tac ce, "Cewa yay yi ba shi iya zana wanda bai tsaya ba. Da ka zamna gona, kwana ukku yay yi ya ƙare."

Nic ce, "Inna, ya yi?"

Ta daɗe tana kallo. Tas shahe ido da bakin mayahi.

"Ya yi."

Wannan karon ba mai kecewa. Na kai a ɗinka, da Salla zan sa.

Allah shi jiƙanka, Baba Nomau, shi yalwata maka makwanci. Haƙurin da kay yi da mu, Allah shi yi maka wanda yah hi shi. Amin.