Filtar da Baba Haruna Ya Yanka

Ana yi wa motata juyen mai a garejin Baba Haruna a Mafara, zan tafi ɗaurin aure Maradun. Na miƙa wa Baba Haruna filtar da na sayo. Sunan shago ne a kwalinta, ba na kamfani ba.

Na ce, "Baba, wa ke ƙera wannan? Kada ta kashe min inji."

Tun zamanin aikin dam ɗin Bakolori yake kanikanci, kuma bai yarda da kwali ba. Ya sa zarto ya raba ta biyu, ya leƙa cikinta.

"Masu yin ta kamfani su anka yi wagga. Ta ƙwarai ta, ɗana. Sawo wata."

Ita ce ta ƙarshe a shagon. A babur na je Maradun.

Na samu amsa, na rasa filta. Ku yaya kuke gane ta kirki ba da zarto ba?